Inci Goma Sha Huɗu a Bakin Rijiya

Ku matso kusa, ku bar surutu. Maganar da za ku ji ta raba kan wani gida uku, kuma in ta kai ƙarshe a hannunku za a bar ta.

A wani gari da ke gindin duwatsu a ƙasar Kazaure, an yi wasu abokai uku: Munzali, Nafi'u da Ukasha. Tun suna sakandare wuri ɗaya ya haɗa su, wani shago a bayan tasha inda aka jera kwamfutoci ana buga wasan harbi. Irin wasan nan ne da mutum yake kallon duniya ta idon mai riƙe da bindiga. Ya ja maus a kan tebur, wato ɗan linzamin nan na kwamfuta, bakin bindigar ya bi hannunsa, ya danna ta tashi.

Munzali shi ne mai hannu a cikinsu. Nafi'u bai damu da ci ba, cikin kwamfutar ya fi ba shi sha'awa, in ta lalace shi yake kwance ta. Ukasha kuwa ɗan gidan teloli ne, kuma ba a taɓa yin marar saiti kamarsa a shagon ba, sau da yawa abokin tafiyarsa yake harbi a ƙeya. Amma shi ya gano abin da ya mai da Munzali gwani.

Kowane wasa yana da wurin da ake sa lambar saurin maus. Samarin shagon duk sun ɗauka lamba ɗaya ce a ko'ina: in ka sa biyu a wannan wasa, sai ka sa biyu a wancan. Mutum zai yi wata guda yana saba hannu da wasa ɗaya, ran da ya koma wani sai ya ga yana ta harbin bango da sama, ya ce yau ba shi da sa'a. Ukasha ya ce sa'a ba ta yi laifi ba. Biyun wannan wasa daban, biyun wancan daban, kamar yadda rigar da wani tela ya kira babba ba za ta shiga wuyanka ba a shagon wani. Ya ɗauko tef ɗin awo na babansa ya shimfiɗa a tebur, ya sa Munzali ya ja maus daga hagu zuwa dama har mutumin cikin wasan ya zagaya ya dawo yana kallon inda ya fara. Aka duba tef, inci goma sha huɗu.

Ya ce, "Wannan shi ne awonka. Ka manta da lamba. Duk wasan da ka shiga, ka yi ta murɗa ta har sai inci goma sha huɗu ya juya ka sau ɗaya cif."

Da wannan awon Munzali ya tafi karatu Cyprus, ya yi shekara bakwai. Karatun ya yi, amma rabin rayuwarsa a gasar harbi ta ƙare. Wasanni suka tsufa, sababbi suka fito, ya sauya biyar ko shida, awon bai sauya ba. Har ta kai hannunsa ya daina shawara da kansa: ido ya ga abokin gaba, ɗigon saiti ya riga ya sauka a goshinsa. Sai dai a can ya daina taɓa tef. Akwai shafi a intanet da za ka ba shi lambar tsohon wasa ya ba ka ta sabon, shi ke nan.

Da ya dawo gida garin ya yi masa kaɗan. Ya zauna a zaure bai ji daɗi ba, ya fita bakin titi bai ji daɗi ba. Nafi'u ya zama mai gyaran rijiyoyi da famfunan sola, Ukasha ya gaji keken ɗinkin babansa, kowa yana da inda zai nufa da safe ban da shi. Yayansa Ɗayyabu, manomi, wanda ya riƙe gidan tun rasuwar mahaifinsu, shi yake kiransa maharbin iska. Wata Talata cikin kaka ya tsaya a kansa da lauje biyu ya ce, "Tashi mu je yankan dawa, Bature. Ko jikinka ya tuna da rana."

A gefen gonar akwai tsohuwar rijiya da ta ƙafe tun zamanin kakansu. An rufe ta da itace da kara, ƙasa ta hau kai, ciyawa ta fito, gara kuwa ta daɗe tana aikinta a ƙasa. Da hantsi Munzali yana duƙe ya ji ƙarar karyewar itace a bayansa. Ya waiwaya, ga damin dawa a yashe, babu Ɗayyabu.

Ya rarrafa zuwa bakin ramin ya haska da fitilar waya. Rijiyar ƙunci gare ta, zurfinta gaba shida, ƙuncin ne ma ya rage wa Ɗayyabu ƙarfin faɗuwa. Yana can ƙasa a jingine da bango, ƙafarsa ta dama a lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwasa.

"Yaya, kana ji na?"

Ɗayyabu bai ɗaga kai ba, ido kawai ya ɗaga. Muryarsa ta taso a hankali ta tsakanin haƙora. "Kada ka jefo komai."

A wani ɗan kogo na jikin bango, kamu ɗaya daga fuskarsa, akwai abin da Munzali ya ɗauka tsohuwar igiyar guga ce. Yana kallo igiyar ta motsa. Baƙin kumurci ne, mai kaurin damtse.

Kafin a jima gonar ta cika da mutane, kowa da dabararsa, kuma kowace dabara ta mutu a bakin rijiyar. Aka zura igiya, ta goga bango, ƙasa ta zuba, kumurcin ya ɗaga kai, aka janye da sauri. Maharbi ya zo da bindigar toka, ya leƙa, ya ce harsashinsa watsuwa yake yi, in ya harba biyu zai kashe. Wani ya ce a tura hayaƙi, aka ce mutumin zai riga macijin shaƙewa. Gardi ya zo da layunsa ya daɗe yana kallo, ya ce maciji a fili aikinsa ne, amma wannan ramin da ƙafa ake shiga, kuma babu wurin sauka sai kan Ɗayyabu. Motar 'yan kwana-kwana tana wani gari tana fama da gobara. Gardin ya nuna bangon rijiyar, inda hasken rana ya fara gangarawa, ya ce wa Baffa Ilu, ƙanin mahaifinsu, "Yanzu sanyin ramin ne ya kwantar da shi. In rana ta tsaya tsaka ta taɓa ƙasa, zai tashi neman wuri, kuma wurin ɗaya ne."

Munzali ya sake leƙa rijiyar. Ya ga mutuwa sau dubbai a fuskar kwamfuta, duk a tashi a sake. Wannan kuwa numfashin yayansa yake ji yana tasowa daga rami.

A nan Nafi'u ya iso a babur da akwatin ƙarfe ɗaure a baya. A ciki akwai abin da mutanen gari suke kira Ƙaguwa, suna dariya. Shekara uku ya yi yana haɗa ta da tarkace. Idonta kamara ce da 'yar fitila. Wuyanta injinan waifar mota ne, masu share gilashi, guda biyu, ɗaya yana juya ta hagu da dama, ɗaya sama da ƙasa. Bakinta awartaki ne a kan sifirin ɗin babur, in aka danna sai ya yi tsalle gaba taƙi biyu ya damƙe abin da ya tarar. Ya ƙera ta ne don ciro bututu ko igiyar famfon da ta tsinke ta faɗa rijiya, kuma da maus ake sarrafa ta, ana kallo a kwamfutar cinya. Sau ɗaya take kamu. In ta kuskure sai an fito da ita an sake ɗana ta.

Nafi'u ya ce, "Ni bututu nake kamawa. Bututu ba ya motsi, duk da haka sai na gwada sau goma. Wannan sau ɗaya ne. Kai za ka zauna."

Ya buɗe kwamfutar a kan murfin akwatin, ya miƙa masa maus ɗinsa na aiki, wanda maiƙo ya dafe. "Akwai wurin sauri. Lamba nawa zan sa?"

Munzali ya zaro waya don ya buɗe shafin nan nasa. Sabis ɗin gonar na kira ne da ƙyar, intanet babu. Ko da akwai, Ƙaguwa ba ta cikin jerin wasannin duniya. Ya dubi hasken da ke gangara bango, ya tuna lambar wasan da ya bari a Cyprus.

"Sa biyu."

Aka zura Ƙaguwa. A fuskar kwamfuta bango ya riƙa wucewa sama, har fuskar Ɗayyabu ta bayyana, gumi yana bin gemunsa. Kogon yana ɗan hagu. Munzali ya ja maus kaɗan, gwargwadon abin da hannunsa ya sani. Ƙaguwa ta fizge kai kamar an mare ta, ta zarce kogon, ta daki bango. Ƙasa ta zubo. Ya yi ƙoƙarin dawo da ita, ta sake zarcewa ta ɗaya gefen. Cikin ƙurar ya ga kumurcin ya miƙe ya fasa kai, ya tsarto dafi. Ɗayyabu ya runtse ido, dafin ya sauka a kuncinsa da fatar idonsa na hagu. Bai motsa ba, bai share ba. Macijin ya sulalo daga kogon da ya rushe, ya bi ta kan cinyarsa, ya naɗe a tsakanin ƙirjinsa da bango.

Nafi'u ya janye Ƙaguwa. Munzali ya zauna yana kallon hannunsa kamar na aro. Da can macijin yana kamu ɗaya daga yayansa. Yanzu yana jikinsa, kuma shi ya kai shi.

Ukasha ya iso a wannan lokacin, tef a wuya, zare a jikin riga. Labarin ya same shi a kan keken ɗinki, kuma da ya ji an ce Nafi'u ya tafi da Ƙaguwa, sai da ya biya gidan su Munzali ya ɗauko maus ɗinsa da 'yar shimfiɗarsa ta roba. Ya dubi kwamfutar, ya dubi Munzali.

"Wa ya sa biyu?"

"Ni."

"Biyun wa? Shekara bakwai a Turai, Bature, ka dawo mana da biyu." Ya juya ga Nafi'u. "Kai kuma Injiniya, lambar da ka ƙirƙira a shagonka kake tambayar mutum?"

Bai jira amsa ba. Ya sa aka rataye Ƙaguwa a reshen ɗorawa, ya daidaita murfin akwatin da duwatsu har ya daina rawa, ya shimfiɗa robar, ya haɗa maus ɗin Munzali. Nafi'u ya ce wuyan ba ya zagayawa duka saboda wayoyi, rabi yake yi. Ukasha ya ce to rabin goma sha huɗu. Ya ninka tef, ya zaro allin tela daga aljihu, ya ja layi biyu a kan robar, tsakaninsu inci bakwai.

"Ja daga nan zuwa nan. A hankali."

Munzali ya ja. Bai kai inci biyu ba Ƙaguwa ta gama juyawa. Ukasha ya rage lamba. Aka sake, ta gama a inci huɗu. Ya rage. Aka sake, wannan karon maus ya kai layi ita ba ta kai ba. Ya ƙara kaɗan. Bayan kowane ja sai ya duƙa ya sa ido a kan allin kamar mai duba ɗinkin wuyan riga. Da aka kusa gama hagu da dama, sai ya ce saura sama da ƙasa, domin wancan injin nauyi yake ɗagawa, ba zai yi tafiya ɗaya da ɗan'uwansa ba.

Mutane suka fara guna-guni. Wanda ke tsaron bakin rijiya yana ta faɗin inda haske ya kai: saura gaba biyu, saura gaba ɗaya da rabi. Baffa Ilu ya taso da sandarsa.

"Ukasha, ɗana yana can da maciji a ƙirji, kai kana nan kana awon wando?"

"Baffa, a yi mini haƙuri kaɗan."

"Haƙurin nawa? Idonsa fa dafi ne a kai."

Ukasha bai ɗago ba. Gumi yana ɗiga daga hancinsa kan robar, yana sharewa da gefen hannu don kada allin ya goge. Munzali ya ja karo na tara, ya ga wuyan ya tsaya kusa da inda ake so, ya miƙe ya kama rigar Ukasha.

"Ya isa haka, Tela. Mu je."

"Saura rabin inci."

"Rabin inci ne fa kawai."

"A nan ne yake rabin inci. A can ƙasa maƙogwaron Yaya ne. Zauna."

Ya zauna. Sai a ja na goma sha ɗaya maus ya taɓa layi, wuyan ya tsaya tare da shi. A take Munzali ya ji wani abu ya saki a kafaɗarsa. Ya kai ɗigon saitin da ke fuskar kwamfutar kan ganye, ya kai kan kututture, ya dawo, duk inda ido ya je ɗigon yana can. Hannunsa ne ya dawo masa.

Duk da haka Ukasha bai sake shi ba. Ya yanko guntun tiyo ya ɗaure da zare a reshe, ya kaɗa shi, ya ce a kama. Munzali ya danna, awartakin ya damƙi iska a bayan tiyon. Ashe tsakanin dannawa da tsallen akwai jinkiri na ƙiftawar ido. Nafi'u ya sake ɗanawa. Karo na biyu Munzali ya danna inda tiyon zai je, aka ji ƙas, tiyon yana baki. Na uku ma haka. Rabin sa'a ta tafi.

Nafi'u yana da ƙarfe mai ƙafa uku da yake kafawa a kan rijiya, amma bakin wannan ya riga ya tsage, in aka ɗora nauyi zai rufta. Sai ya tuɓe riga, ya sa tabaran walda, ya kwanta rub da ciki har ƙirjinsa ya leƙa ramin, mutum biyu suka riƙe ƙafafunsa. Ya ƙi sa safar hannu, ya ce ba zai ji motsin wayar da ake zura Ƙaguwa da ita ba. Ya riƙa sakin ta taƙi taƙi, hannuwansa a miƙe a tsakiyar rami don kada ta taɓa bango. Shi ba ya ganin kwamfuta, Ukasha ne yake tsugune tsakaninsu yana faɗa masa. "Saki. Saki. Kaɗan. Tsaya nan." Ya tsaya. Nauyin ƙarfe da waya gaba shida yana rataye a yatsunsa, kuma in ya yi rawa Ƙaguwa za ta yi lilo.

Munzali ya ga yayansa. Fuskar ta yi fari kamar toka, idon hagu ya kumbura ya rufe, leɓɓansa suna motsi da abin da yake karantawa. Ƙuda ya sauka a hancinsa bai kore shi ba. Kumurcin yana naɗe a jikinsa, kan yana ɓoye a bayan hammatarsa. Babu wurin kamawa. In aka kama shi a tsakiya, zai juyo ya sari abin da ya fi kusa.

Suka jira. Wayar ta fara yanka tafin Nafi'u, jini yana bin ta. Hasken rana ya sauko ya taɓa hular Ɗayyabu, ya taɓa kafaɗarsa, ya kwanta a kan baƙin jikin. Naɗin ya fara warwarewa. Kan ya fito a hankali ya bi ƙirji ya hau, harshe yana fita yana komawa, har ya miƙe daidai wuyan Ɗayyabu. Ya ga fitilar Ƙaguwa, ya fasa kai, ya fara kaɗawa hagu da dama. In ya kaɗa dama, bayansa bango ne. In ya kaɗa hagu, bayansa jijiyar wuyan Ɗayyabu ce, Munzali yana ganin bugunta.

Yatsan Munzali yana kan maus. Zuciyarsa tana cewa jira, bari ya ƙara nisa, bari ya tsaya. Sai ya ga kan yayansa ya fara rinjaya gaba. Ƙarfinsa ya ƙare, suma ce take ɗaukarsa, haɓarsa tana sauka kan macijin.

Munzali bai san lokacin da ya yanke shawara ba. Hannun ya tafi inci ɗaya da ɗan kai zuwa dama, inda babu komai sai bango, ya danna. Kumurcin ya kaɗo ya shiga wurin. Awartakin ya rufe a bayan kansa.

Ukasha ya ce, "Ja, Injiniya. Ja."

Abin da ya biyo baya a hannun Nafi'u yake. Macijin ya fi tsawon mutum, ya naɗe Ƙaguwa, ya naɗe waya, yana dukan bango da jela. Nafi'u yana jawo shi hannu bayan hannu, kuma inda yake jawo shi fuskarsa ce, domin babu wata hanyar fita. Ɗaya daga cikin masu riƙe ƙafarsa ya hango abin da ke tahowa, ya saki ya gudu. Nafi'u ya zame gaba har cibiya, bai saki waya ba. Saura kamu biyu macijin ya tsarto, dafin ya wanke gilashin tabaran har ya daina gani. A makance ya ƙarasa jan, ya wurga Ƙaguwa da abin da ke bakinta bayansa, gardi ya tare da sanda mai baki biyu.

Mai haƙar rijiya ya sauka da igiya ya ɗauro Ɗayyabu. Aka wanke masa ido, aka sa shi a mota. Munzali yana nan zaune a gindin ɗorawa, sai da Ukasha ya ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya daga kan maus.

Ɗayyabu ya rayu. Ƙafar ta ɗoru. Idon hagu kuwa ya dushe, inuwa kawai yake gani da shi, likita ya ce dafin ya daɗe yana tsatsawa ta gefen fatar. Bayan wata biyu matarsa ta haifi ɗa namiji, na fari bayan 'ya'ya mata uku. A ranar ya tara gidan ya faɗi abin da bai faɗa wa kowa ba. Ya ce yana cikin ramin ya yi wa Allah alkawari, in ya fita da rai kuma cikin nan ya zo namiji, sunan wanda ya cire masa macijin zai sa masa. Shi daga ƙasa fitila ɗaya ya gani tana saukowa, bai san mutum uku ne a bayanta ba. Baffa Ilu ya ce a haɗa sunayen a huta. Ɗayyabu ya ce suna ɗaya ya yi alkawari, suna ɗaya liman zai raɗa.

Masu goyon bayan Nafi'u suka ce a fara daga farko. Maharbi ya kasa, gardi ya kasa, da babu Ƙaguwa da sauran biyun 'yan kallo ne kamar kowa. Shekara uku ana yi masa dariya bai fasa ba. Kuma a cikin ukun shi kaɗai ya sa jikinsa a bakin ramin, shi ya jawo mutuwa zuwa fuskarsa da hannun da ke jini. Aka ce musu haka ne, amma shi da bakinsa ya ce ba zai iya kamun ba, kuma shi ya san lambar injinsa ba ta kowa ba ce, ya zura shi a karon farko bai gwada a sama ba.

Masu goyon bayan Ukasha suka ce an ga abin da injin da gwanin suka yi kafin ya zo: sun ɗauke maciji daga bango sun ɗora a ƙirjin mutum. Shi ya tuna da maus, shi ya ninka tef, shi ya tsaya a kan rabin inci gari guda yana zaginsa, har da ƙanin wanda ke cikin ramin. Awon ma da Munzali ya yi suna da shi a ƙasar waje, wa ya auna masa? Aka ce musu haka ne, amma bai taɓa macijin ba, bai leƙa ramin ba, kuma rabin sa'ar nan da ya ci ita ta tafi da idon Ɗayyabu.

Masu goyon bayan Munzali suka ce a ba Nafi'u awo mai kyau, a ba Ukasha injin mai kyau, a ce su danna, a ga wanda zai yarda. Ƙiftawar ido ɗaya ce ta raba rai da mutuwa, kuma a yatsansa take. Da ya kuskure, shi za a nuna har ya mutu a ce ga wanda ya kashe yayansa, ya san haka, ya danna. Aka ce musu haka ne, amma biyun da ya faɗa ita ta jawo dafin tun farko, kuma wanda ya ceci ɗan'uwansa na ciki ɗaya kansa ya yi wa, sauran biyun kuwa babu abin da ya tilasta su.

Munzali yana jin su daga zaure. In ya tuna ƙarar awartakin sai ya ji sunan nasa ne. In Ɗayyabu ya juyo da dukan fuskarsa don ya gan shi da idon dama, sai ya sunkuyar da kai. An tambayi Nafi'u, ya nuna tabon tafinsa ya yi dariya, bai ce a'a ba. An tambayi Ukasha, ya ce shi dai ya ɗinka wa jaririn riga, wanda aka sa wa yaron sunansa ya zo ya karɓa.

Yau kwana shida da haihuwa. An ɗaure rago, an raba goro, gobe da safe liman zai miƙo kunne ya ji abin da uban zai faɗa. To ku da kuka ji yadda aka yi tun daga faɗuwa har fitowa, sunan wa ya kamata yaron nan ya amsa: Nafi'u da ya ƙera ya jawo, Ukasha da ya auna, ko Munzali da ya danna?